Hiyas ta ƙi sauka ralanti ko ƙafata ba ta kan totur

Mai Hiyas:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Hiyas gare ni mai inji 5L, ta gazuwal, ina hanyar Maraɗi zuwa Tasawa da ita. Tun shigowar sanyin nan ralantinta, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya hau ya ƙi sauka. A da in ta yi zafi allurar juyi tana kwantawa ƙasa da 800 a minti, yanzu ko na kai Gazawa na tsaya sauke mutum, wajen 1,300 take tsayawa. A tasha in ana lodi har waiwayowa ake yi, ana zaton totur nake takawa don in hanzarta fasinja. Giya ta ɗaya sai ta gurza kafin ta shiga, shan gazuwal ya ƙaru, kuma injin yana ƙwanƙwasa irin ta sanyin safiya ko da rana tsaka. Hayaƙi babu sosai. Wani ya ce in kai a kwance pompo, wanda ke tura gazuwal cikin inji. Kafin in zuba kuɗi, akwai abin da zan iya dubawa da kaina?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam. Iska take ja ta wani wuri. Duba tiyo ɗin da ke zuwa daga filtar iska, za ka tarar ya tsage. Haka ƙaramar motata ta yi bara, aka naɗe da roba ta dawo daidai.

Mai Pompo:
Ɗan Tasha, motarka ta esansi ce ko? Ita ce ke haka. A injin esansi akwai ɗan faifai da ke tare iska a maƙogwaro, in iska ta sato hanya ta bayansa sai juyi ya hau. Injin gazuwal ba da iska ake tuƙa shi ba. Iska a buɗe take, yana shaƙar iyakar abin da ya iya ko yana tsaye ko yana gudu. Abin da ke ƙara masa juyi ko ya rage shi yawan man da ke faɗawa cikin silinda ne. Tiyo da ya tsage zai shigo maka da ƙura ya cinye sagma, wato zobban piston, wannan ma masifa ce, amma ba zai ɗaga ralanti ba. In 5L ta tsaya a 1,300, to mai take samu fiye da rabonta, sai a nemo ta inda yake zuwa.

Ɗan Tasha:
To ai shi ke nan, a sassauta bis ɗin ralanti kawai. Minti biyu ne.

Tsohon Makanike:
Salamu alaikum. Ɗana Mai Hiyas, kada ka bari kowa ya sa kile a jikin pompo wanga tukuna. Bis ba ya juya kansa. In jiya mota tana 750 yau tana 1,300 kuma ba wanda ya taɓa shi, to ba shi ne mai laifi ba.

Ga abin da za ka yi, ba ka buƙatar komi sai ido da yatsa. Bari ta yi zafi sosai, ka ja birkin hannu, ka ɗaga kujerar gaba. Kan pompo akwai hannun da kabul ɗin totur ke ja. In ka saki totur, hannun nan shina komawa baya ya kwanta a kan wani ɗan bis, shi ne na ralanti. Ka duba da kyau: ya kwanta a kansa, ko akwai tazara tsakaninsu? Ko takarda ka zura, in ta wuce ba ta maƙale ba, to bai kwanta ba.

In akwai tazara, wani abu ne ke riƙe da hannun, kuma sassauta bis ɗin daidai yake da rage wa kujera tsawo alhali mutumin a tsaye yake. Ba abin da zai canza yau. Ranar da abin da ke riƙe da shi ya saki kuwa, hannun ya faɗa har ƙasa, mota ta riƙa mutuwa a kowane shataletale, ka koma neman wata cuta da kai ka sa ta.

In kuma ya kwanta daram amma juyi bai sauka ba, wannan wata magana ce, sai mu shiga cikin pompo. Duba ka gaya mini.

Aparanti:
Baba, a yi haƙuri da katsalandan. Akwai kuma ɗan maɓallin nan na kusa da sitiyari da ake murzawa a ɗaga ralanti da safe. Mu kanmu muna murza shi in muna ɗumama mota kafin maigida ya fito, wani lokaci a manta. Da tabarmar ƙasa, tana hawa kan totur.

Tsohon Makanike:
Allah shi maka albarka yaro, ka yi gaskiya. A fara da su.

Mai Hiyas:
Maɓallin yana ciki har ƙarshe, tabarma kuma ni ba ni da ita, ƙarfe ne tsirara. Baba na duba hannun yanzu da na dawo. Akwai tazara, har tsinken ashana yana shiga. Na tura shi da yatsa, ya ƙi komawa, akwai abin da ya tokare shi.

Tsohon Makanike:
Madalla. Ka ga ka tsira daga kwance pompo, aƙalla yau. Abubuwa ukku ke iya riƙe hannun nan daga waje. Kabul ɗin totur in ya ɗame ko ya cije. Ɗan gwangwanin kilim, wanda iska ke ja ya ɗaga ralanti in an kunna sanyi. Sai na'urar sanyin safiya da ke gefen pompo, wadda ƙananan tiyo biyu na ruwan inji ke shiga cikinta.

Fara da cire kan kabul daga hannun gaba ɗaya. In juyi ya faɗi, shi ne. In bai faɗi ba, dubi sandar gwangwanin kilim, ka zare ɗan tiyonsa na iska ka ga ko ta saki.

Amma ni zuciyata tana kan na ukkun, saboda maganar da ka yi ta ƙwanƙwasa. Kabul ba ya sa inji ƙwanƙwasa. Na'urar nan aiki biyu take yi lokaci guda in inji na da sanyi: tana tura hannun totur kaɗan don juyi ya hau, kuma tana gaggauta lokacin fesa mai don ya kama da wuri. Gaggautawar nan ita ke kawo ƙarar da kake ji da asuba. A cikinta akwai kakin da ke kumbura in ruwan zafi ya ratsa shi, sai ya tura sanda ya saki duka biyun. In ruwan zafi bai kai gare shi ba, shi a wurinsa har yanzu asuba ce, ko kana tsakiyar Agye da azahar. Ba kowace 5L ke zuwa da ita ba, amma in taka tana da ita za ka ga tiyo biyun nan, ba su fi kaurin yatsa ba. In mota ta yi zafi ka taɓa su a hankali. Ya kamata dukansu su ƙone ka.

Direban Dakwaro:
Ni dai kafin a yi nisa ina da gargaɗi. Ralanti da ke hawa ba abin wasa ba ne. Na taɓa gani da idona a wani garaji, wata mota mai turbo ana ta cewa ralantinta ya ɗan hau, ana ta hira. Yaro ya taka totur sau ɗaya, inji ya ɗauka bai dawo ba. Aka kashe makulli, aka zare shi, aka cire kan batir, inji sai ƙara ihu yake. Hayaƙi fari ya rufe layin har masu shago suka fito da bokitai. Kafin a ankara ya buga ya yi shiru, sandar piston ta huda gefen inji. Mai Hiyas ka yi hattara.

Mai Pompo:
Wannan da ka gani baƙin mai ne injin ya koma sha. Gazuwal ba ya buƙatar tartsatsi, matsi ne ke kunna shi, kuma injin ba ya tambayar sunan man da ya shigo. In turbo ta lalace tana zubo man inji cikin hanyar iska, sai ya ƙone shi yadda yake ƙona gazuwal. Makulli yana rufe gazuwal ne kawai, ta ɗan solenoyid ɗin da ke kan pompo. Wancan man ba ta nan yake bi ba, shi ya sa zare makulli bai yi komi ba. Juyi na hawa turbo na ƙara zubowa, har sai mai ya ƙare ko inji ya fashe.

In ya faru gabanku, hanya biyu ce. Wanda ke kujera ya taka birki da ƙarfi, ya ja na hannu, ya sa giya ta sama, ta huɗu ko ta biyar, ya saki kuloci ya shaƙe injin. Ko a toshe bakin iska da katako mai faɗi ko wani abu mai tauri. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, zai haɗiye tsumman. Abin kashe gobara na iskar CO2 in an fesa a bakin iska shi ma yana kashe shi, amma mu nawa ke da shi a mota.

5L ba ta da turbo, don haka haɗarinta kaɗan ne. Sai dai ba babu ba. In an cika baƙin mai ya wuce alama, ko sagma sun cinye inji yana hura tururin mai ta tiyon numfashi zuwa hanyar iska, ana iya samun haka. Mai Hiyas, zaro sandar awo. In mai ya haura sama da inda aka zuba shi, ko yana warin gazuwal, ko ya yi ruwa-ruwa, kada ka sake tayar da ita sai an yi bidanji, wato an canza baƙin mai, an duba injekta masu fesa gazuwal. Kuma cire tiyon da ke shiga inji daga filta ka shafa cikinsa. Ɗan danshi ba komi, amma in mai yana kwance, a tsaya.

Mai Hiyas:
Mai yana daidai alama, baƙi ne kawai yadda ya saba. Cikin tiyo ƙura ce da ɗan maiƙo. Alhamdu lillahi.

Hajiya Mai Motoci:
Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa, tunda maganar ɗaya ce. Ina da Hiyas da aka kawo mini ta Kwatano, mai inji 2KD. Direbana yana ƙorafi ita ma ralantinta na hawa, amma ba kullum ba. Wata rana lafiya lau, wata rana ta tsaya sama da 1,000 ta daɗe. Shi ma in ce ya duba wannan hannun da Baba ya faɗa?

Tsohon Makanike:
Hajiya barka da yamma. Taki ba ta da hannun, ba ta da kabul, ba ta da bis. Wannan ta ƴan zamani ce, ga mai lantarki nan shi ya san ta.

Mai Lantarkin Mota:
Hajiya ina wuni. 2KD kwamfuta ce ke raba mata mai. Totur ɗinta waya ce kawai ke zuwa wurin kwamfuta, ita kuma ta buɗe injekta gwargwadon abin da sansa suka gaya mata. Don haka in ralanti ya hau, mafi yawa kwamfutar ce ta ɗaga shi da gangan, saboda wani dalili na gaskiya ko na ƙarya.

Na gaskiya: an kunna kilim, ko batir ya yi rauni tana so alternata ya ƙara caji, ko inji yana da sanyi. Waɗansu da aka yi don ƙasashen sanyi suna da maɓallin ɗumama a gaban direba, in an danna shi ralanti yana hawa, kuma direbobi da yawa ba su san aikinsa ba. Ki ce ya duba ko akwai wanda ke kunne. In kuma tana da matatar hayaƙi a salansa, lokacin da take ƙona tokar da ta tara ita ma tana ɗaga juyi na ɗan lokaci ta sauka da kanta.

Na ƙarya kuwa, wanda na fi gani shi ne sansar zafin ruwa. Ƴar ƙaramar aba ce da ke canza ƙarfin tare wuta (da om ake auna shi) gwargwadon zafi: a sanyi wajen digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, in ruwa ya kai 80 ta sauko wajen 300. Yawan om a wurin kwamfuta yana nufin sanyi. To in bakin soket ɗinta ya yi tsatsa ko ya saki, om ya ƙaru, sai kwamfuta ta ɗauka inji bai yi zafi ba. Tunda kin ce wata rana yana yi wata rana ba ya yi, ni soket ko waya nake zargi kafin sansar kanta. Hanyoyinmu na laterit suna girgiza komi.

Sai totur. Sansa biyu ne a cikinsa suna duba juna. In suka saɓa, kwamfuta ba ta yarda da kowanne, sai ta kunna fitilar inji, mota ta rasa ƙarfi, kuma motoci da yawa suna riƙe juyi sama kaɗan don direba ya lallaɓa ya kai gida. Fitila tana kunnuwa?

Hajiya Mai Motoci:
Na kira shi. Ya ce ba ta kunnuwa, kuma ƙarfi bai ragu ba. Wani mai kwamfuta ya taɓa sa mata na'ura ya ce babu kod, wato kwamfuta ba ta nuna wata matsala ba, lafiyarta ƙalau, ya karɓi kuɗinsa.

Mai Lantarkin Mota:
Babu kod ba ya nufin lafiya. In sansa ta ce ruwa yana digiri 30 alhali yana 85, kwamfuta ba ta da hanyar sanin ƙarya ce, 30 lamba ce mai yiwuwa. Abin da za a duba shi ne lambobin da ke gudana. A sa na'ura da safe kafin a tayar: zafin ruwa da zafin iska su kasance kusa da juna, tunda mota ta kwana. A tayar, a ga lambar tana hawa a hankali har wajen 80 da wani abu. Sannan a girgiza soket da hannu ana kallo. In lambar ta yi tsalle, an kama shi. A duba totur ma ya nuna sifili in ba a taka ba, da caji ya kai wajen bolt 14.

Mai Hiyas:
Baba, na cire kabul, juyi bai motsa ba. Gwangwanin kilim sandarsa ma ba ta taɓa hannun, kilim ɗin ya daɗe da mutuwa. Tiyo biyun nan akwai su. Inji ya yi zafi, na sama yana da ɗumi kaɗan, na ƙasa sanyi ƙalau. Kuma wata ƴar sanda daga na'urar ce ke tokare da hannun. Wani abu kuma, allurar zafi tun da sanyi ya shigo da ƙyar take barin ƙasa.

Tsohon Makanike:
To ga shi. Ruwa ba ya ratsawa. Bari in tambaye ka, mi kake zubawa a radiyata? Kuma motar tana da tarmosta?

Mai Hiyas:
Ruwan pampo, wani lokaci na rijiya in muna ƙauye. Tarmosta tun da na saye ta babu, wanda ya sayar mini ya ce an cire saboda zafi.

Direban Dakwaro:
To ai daidai ne. Wa ke barin tarmosta a ƙasar nan? Wannan na Turawa ne masu ƙanƙara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40, ga lodi har saman mota, ga rairayi. Ni duk motar da ta shigo hannuna abu na farko da nake cirewa ke nan, kuma ban taɓa ƙona kulas, wato kan inji, ba.

Tsohon Makanike:
Ƙanena, na san haka ake yi, tun muna yara a garaji haka muka tarar. Amma ka saurara. Tarmosta ƙofa ce da ke rufe in ruwa na da sanyi, ta fara buɗewa wajen digiri 82 a galibin injunan nan, in zafi ya ƙaru ta buɗe duka. A Afrilun da kake faɗi, a buɗe take wangale, ba ta hana komi. Mota mai lafiyayyar tarmosta in tana zafi, radiyata ce ta toshe, ko fanka ta daina kamawa, ko murfin radiyata ba ya riƙe matsi. Ana cire tarmosta ne a ɓoye waɗannan. Kuma a injuna da yawa ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu ita, wani ruwan ya riƙa bin gajeriyar hanya bai je radiyata ba sam.

Yanzu kuma muna cikin hunturu. Injin gazuwal a ralanti ba ya samar da zafi mai yawa. Ba tarmosta, ga iskar asuba a hanyar Tasawa, sai ya yi rabin tahiya bai kai zafinsa ba. Inji mai sanyi ba ya ƙona mai duka, saura ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Kulas ɗinka bai ƙone ba, na yarda. Sagma fa, sau nawa ka canza?

Direban Dakwaro:
Baba sagma ai ƙura ce ke cin su, ba sanyi ba. Kuma tarmostan da ake sayarwa yanzu rabinsu jabu ne. In ta cije a rufe tsakanin Kornaka da Dakwaro, wa zai kawo mini wata? Gara wadda babu da wadda za ta kashe ni a daji.

Mai Pompo:
Wannan tsoron nasa yana da tushe, jabun suna da yawa. Amma gwada ta ba wuya. A sa ta a tukunya da ruwa a kan wuta, kafin ya tafasa za ka ga ta buɗe, a sauke ya huce ka ga ta rufe. Wadda ba ta yi haka ba a mayar wa mai shago.

Sai dai a maganar Mai Hiyas kada mu ɗora wa tarmosta duka laifin. Kakin nan ba ya jiran 82, yana sakin hannu tun ruwa bai kai haka ba. Ko babu tarmosta, bayan tafiya mai nisa ya kamata ya saki, ko da a makare. Tiyo mai sanyi ƙalau toshewa ce. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa, ruwa tsura ba maganin tsatsa yana cin ƙarfen inji, kuma ƙananan hanyoyi su ke fara cikewa.

Tsohon Makanike:
Haka ne. Biyun suka haɗu masa. Ɗana, bari inji ya huce sarai, kada ka buɗe ruwa da zafi. Cire tiyo biyun, ka hura su, ka zura waya a bakin ƙarfen da suke shiga, na jikin inji da na jikin na'urar. In tiyo ya yi tauri ko ya kumbura canza shi. Wanke radiyata da inji har ruwa ya fito fari, ka sa tarmosta, ka zuba ruwan radiyata na gaskiya mai launi. Wajen cikawa ka bar iska ta fita, don in ta maƙale a ƙaramin tiyon nan za ka koma inda ka fito.

Ɗan Tasha:
Ni na ga masu ɗaure sandar da waya su huta. Ba sanyin kirki muke da shi ba ai.

Mai Pompo:
Ana yi, kuma mota tana tafiya. Sai dai da asuba za ta yi ta kakkarwa da farin hayaƙi kafin ta daidaita. In kakin ya mutu ba a samu wani ba, babu laifi a ɗaure shi a wurin zafi. Amma shi nasa ba a ma san ya mutu ba, ruwa ne bai kai masa ba.

Tunda Direban Dakwaro yana nan, akwai wani bis da nake so in yi magana a kansa, don na san ƴan hanyarku. A bayan pompo, wajen da bututun injekta ke fita, akwai bis na yawan mai, wanda kamfani ke rufewa da hula ko ya ɗaure. Shi ake murzawa in direba ya ce a ƙara wa mota wuta. Yana ƙara mai a ko'ina, har da ralanti, sai a sassauta na ralanti a ɓoye. Alamarsa, in ka taka totur ka saki, juyi ba ya faɗowa nan take, sai ya rataye a sama ya sauko a hankali, ga baƙin hayaƙi in an ɗauki lodi. In aka zarce da shi gwamnan da ke cikin pompo, mai daidaita juyi, ba ya iya janye man, inji ya gudu ba tare da turbo ko baƙin mai ba.

Direban Dakwaro:
Tawa tana ɗan ratayewa, amma tana ja. In ba haka ba ba za ta fita rairayi da mutum goma sha tara da buhuna ba.

Mai Pompo:
Tana ja, tana kuma dafa kulas da piston. 5L lita uku ce ba turbo, iskar da take shaƙa ba ta ƙaruwa don ka ƙara mai, abin da ya wuce iskar shi ne baƙin da kake bari a baya. Kawo ta a ɗora pompo a kan benci a mayar da shi awonsa. Da ido ba a saita wannan.

Direban Dakwaro:
Sai bayan kasuwar gyaɗa ta lafa.

Mai Hiyas:
Jama'a na dawo da labari. Bakin ƙarfen da ke jikin inji ya toshe tam da jar laka, sai da muka sa waya muka huda. Tiyo ɗaya ya rube daga ciki, mun canza. An wanke, an sa tarmosta bayan mun gwada ta a tukunya. Yanzu allurar zafi tana hawa tsakiya tun kafin in fita gari, tiyo biyun suna ƙuna, sandar ta ja baya, ƙwanƙwasa ta tafi. Da kabul a cire juyi ya kwanta 750. Amma da muka mayar da kabul sai ya tsaya wajen 950. In na sa ƙafa ƙarƙashin totur na ɗago shi, sai ya faɗi.

Tsohon Makanike:
To kabul ɗin ma yana da nasa, na'urar ce ta rufe shi, tunda ta riƙe hannun sama da inda shi yake tsayawa. Zare shi daga rigarsa ka duba. In ƙura ce ta daskare, wanke da gazuwal ka sa mai mara kauri, kada ka cika giris, yana kama ƙura. In ka ga ko silin waya ɗaya ya tsinke ya tashi, jefar da shi, don wanda ya cije a 950 yau gobe shina iya cijewa kana tsakiyar wuce tirela. Wajen ɗaurawa ka bar masa ɗan sako-sako, yadda hannun zai kwanta kan bis kafin kabul ya miƙe, kuma in an taka har ƙasa ya kai bis na sama ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Dubi rasor ɗin da ke mayar da hannun shi ma.

Mai Hiyas:
Sili biyu sun tashi a daidai lanƙwasar da ke ƙarƙashin kujera. Na sa sabo. Tana 750, giya tana shiga ba gurza. Ba a taɓa bis ko ɗaya ba. Baba, Mai Pompo, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi.

Tsohon Makanike:
Amin ɗana. Ka riƙa leƙa ruwa kwanakin nan, wanki yakan buɗe ƙananan ɗigo da laka ta toshe.

Hajiya Mai Motoci:
Ni ma an duba tawa yadda aka ce. Da aka girgiza soket lambar ta faɗo daga 84 zuwa ƙasa da 40 ta koma. Cikinsa ya yi kore. An canza soket ɗin, sansar ba a taɓa ta ba. Sai dai mai gyaran ya ce ita ma babu tarmosta a cikinta. Malam mai lantarki, irin ta 5L za a saya ko daban take?

Mai Lantarkin Mota:
Daban take Hajiya. A je da lambar shasi wurin mai kaya, kuma a karanta digirin da aka buga a jikinta kafin a biya.